Girkin masu hawan jini: amsa ga yaron shagona

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka yi da kwanon dattawan nan da likita ya ce su rage gishiri, ka ce ka cire gishirin ka ƙara dunƙulen magi biyu don kada miya ta yi lami. An gudu ba a tsira ba ke nan. Dunƙulen magi, ko na wane kamfani ne, wajen rabinsa gishiri ne.

Abin da ke tayar da tansiyo, wato hawan jini, a cikin gishiri sinadarin sodiyam ne. Shi ke riƙe ruwa a jiki, jini ya yi wa jijiya yawa, zuciya ta shiga aikin da ya fi ƙarfinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato cokalin shayi guda, shi ma a shafe. A yini fa na ce, ba a kwano ba, har da burodin safe da yajin da ya barbaɗa wa tsire. Kanwa akwai sodiyam, farin magi akwai, sardin na gwangwani da kilishi ba a magana. Wanda ya ce maka kantun Bilma ko manda ba sa tayar da jini saboda na gargajiya ne, ka saurare shi da ladabi, amma kada ka ɗauka.

Daɗin miya tun daga gindin tukunya ake gina shi, kuma a nan ne nake ganin gaggawarka. Kana jefa albasa a mai, kafin ta yi laushi ka kwara ruwa, sannan ka nemi magi ya rufa maka asiri. Mu da muke Tawa, albasar Galmi a ƙofarmu take, ba mu da uzuri. Ka yanka ninkin abin da ka saba, ka rage wuta, ka tsaya a kanta kana juyawa har ta saki ruwanta ta koma launin dabino. Za ka ji ƙamshin ya sauya daga yaji-yaji zuwa zaƙi. Ta yi baƙi kuwa ta zama ɗaci, sai zubarwa. A lokacin ne za ka sa dakakkiyar daddawa, ta kalwa ko ta batso, ta ɗan soyu cikin man kafin ruwa ya taɓa ta. Warin nan da yaran zamani ke toshe wa hanci a nan yake mutuwa, ya bar ɗanɗanon da iyayenmu suka yi miya da shi kafin magi ya shigo ƙasar nan. Ka dai tambayi mai sayarwa, don wasu na sa mata gishiri saboda ajiya. Tumatir, ɗanye ko kauɗa, a soya shi sai mai ya taso sama. Ga gabu, ga tafarnuwa. Nama kuma ka fara soya shi ya yi ja, ka dafa ƙashi daban ka yi sanwa da romonsa maimakon ruwan randa. In kifi ne, mai banda za ka nema, ba wanda aka busar da gishiri ba.

Citta, masoro, kanumfari da kimba, ka ɗan gasa su a busasshen kasko kafin ka daka. Kimba ka fasa ta ka zubar da 'ya'yan, su ne masu ɗaci. Yajin waɗannan dattawa mu za mu daka shi a nan shago, na kasuwa da gishiri da magi ake haɗa shi.

Sai tsami, wanda shi ne abin da masu girki da yawa ba su gane ba. In ka ɗanɗana miya ka ji kamar wani abu bai kai ba, hannunka zai nufi gishiri. Dakata. Matsa lemun tsami kaɗan bayan ka sauke, ko ka zuba cokali biyu na ruwan tsamiya, ka sake ɗanɗanawa. Sau da yawa abin da ya rage ke nan. Yakuwa ma haka take, sai dai mutane na kashe tsaminta da kanwa. Kai ka tafasa ta ka zubar da ruwan farko, ya isa.

Kanwa ce za ta fi ba ka wahalar bari. Wake dai jiƙa shi tun dare, zai nuna ba gardama. Kuɓewa ka goge ta ko ka daka ta yi laushi, ka zuba cikin ruwa mai tafasa, kada ka rufe tukunya, kada kuma tsami ya kusance ta, don yana karya yauƙi. Ba zan ɓoye maka ba, yauƙinta ba zai kai na mai kanwa ba. Amma yana ɗaukar tuwo.

Gishirin kansa ba a ce a daina ba sai in likitan mutum ya faɗa. A ƙarshe za ka sa shi, da cokali, ba da tafin hannu ba. Cokalin shayi guda a tukunyar mutum biyar, kowa ya sami giram 1 ke nan. Ruwan shinkafa da na taliya kada ka sa komai, miya ce za ta ɗauke su. Kuma gishiri mai sinadarin aidin za ka saya. Sabon mai ciniki zai yi ƙorafi da farko, harshe ne ya saba, cikin 'yan makonni yake sauyawa. Shi ya sa na fi son a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, don wanda aka yanke wa gaba ɗaya yakan koma gida ya barbaɗa abinsa a ɓoye.

Akwai wani gishiri da ake haɗawa da fotasiyam don masu tansiyo. Kada ka sa wa kowa shi da kanka, yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda da masu shan wasu magungunan. Kada kuma in ji ka ce wa wani girkinmu ko ruwan bisab, wato zoɓo, ya ishe shi ya ajiye ƙwayarsa, wannan maganar likita ce.

Gobe dambu za ka yi musu. Zogale da yawa, soyayyar albasa, tattasai, lemun tsami a gefe. Ƙuli-ƙulin kasuwa da gishiri yake zuwa, don haka ka soya gyaɗa yau da dare ka daka, ka ware kwanonsu kafin ka sa wa na sauran mutane magi.