Amsa ga ƙaninmu na Maamobi: abin da ke kashe wasa a dare na uku

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina mai tambaya, sannu da ƙoƙari. Ka ce ƙungiyarku ta Maamobi, a nan Accra ta ƙasar Ghana, ta shirya wasan kwaikwayo na kuɗin shiga da niyyar kaiwa mako biyu, daren farko har wasu suka rasa kujera, amma a dare na uku kuka rufe da bashi a wuyanku, kana son sanin inda matsalar take. Na daɗe ina riƙe ƙofa da littafin kuɗi ga ƙungiyoyin wasa tsakanin Nima da Madina, saboda haka ta wajen aljihu zan amsa maka. Fasaha dai kuna da ita.

Kada cikar daren farko ta ruɗe ka. Ka tuna fuskokin da ka gani. Uwar jarumar wasan da ƙawayenta, abokan darakta, sarkin unguwa da tawagarsa, limamin masallacinku, mai gidan da ya ara muku filin gwaji. Nawa ne a cikinsu suka ciro kuɗi? A Zongo ba ka iya miƙa wa surukinka hannu a bakin ƙofa. Wani ma yana isowa zai ce maka, "Haba, har da ni?" Sai ka yi murmushi ka matsa masa. To waɗannan mutanen su ne duk kasuwarku, kuma kun cinye ta a dare ɗaya. Dare na biyu baƙo yake buƙata, mutumin Kasoa ko Ashaiman da bai san kowa a cikinku ba, wanda zai hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ya sha cunkoson hanya, ya biya don kawai ya ji an ce wasan ya yi kyau. Shi wannan mutumin, wa ya faɗa masa? Fostar da kuka manna a bangon unguwarku ba ta kai gare shi ba.

Mu yi lissafi na misali. A ce ɗakin taron na da kujeru 300, tikiti sidi 50 a kuɗinmu na Ghana. Idan ya cika maƙil, sidi 15,000 ke nan a takarda. Cire kashi ɗaya cikin uku na masu shiga kyauta, saura 10,000. A ciki za ka biya hayar ɗaki, mai lasifika, mai fitilu, janareta da mansa, motar ɗaukar kaya, abincin 'yan wasa, ga kuma harajin tikiti. Washegari mutum 80 suka zo, ka tashi da 4,000, amma mai ɗakin bai rage maka ko kwabo ba, haka mai janareta. Nan ne bambancin dandamali da fim. Yaron da ke ɗaukar barkwanci da waya ya sa a YouTube ko TikTok sau ɗaya yake kashe kuɗi, abin ya yi ta yawo yana barci. Kai kuwa kowane dare sai ka sake sayen wasanka daga farko.

Kafin ma a ɗaga labule kuɗi sun riga sun tafi. Gwaji yakan ɗauki watanni, 'yan wasanku kuma ba wasa ke ciyar da su ba. Wannan tela ne, wancan ɗan okada, waccan tana tsare wa uwarta shago a kasuwar Nima. Za su jure muku don so da kunya har zuwa daren farko. Da sun ga ba a ba su ko kuɗin mota ba, sai uzuri ya fara fitowa: jaruma tana da bikin 'yar uwa a Aboabo, ba ku kuma tanadi mai maye gurbinta ba. Ba na ganin laifinsu. Tsadar rayuwa ma ba ta bar mu ba. A 2015 dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya mai da janareta wajibi ga duk mai shirya taro, a ƙarshen 2022 kuma hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100. Masu hayar fitilu da na'urorin sauti da dala suke auna kayansu, kai kuwa in ka ƙara sidi 10 a tikiti, rabin mutanenka sun zauna a gida suna kallon fim ɗin Kano a waya.

Wannan ciwo bai fara a kanku ba. Iyayenmu sun ga zamanin 'yan konsat, masu wasan barkwanci haɗe da kiɗa, masu yawo gari-gari da mota da makaɗa. Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fita da dare ta fiye da shekara biyu, sai talabijin da bidiyo suka zo suka ƙarasa abin da ya rage. Da aka buɗe Babban Ɗakin Wasa na Ƙasa a 1992, wanda ƙasar Sin ta gina, konsat ya farfaɗo a ciki a tsakiyar shekarun 1990, masu ban dariya irin su Bob Okala da Nkomode suna cika wuri. Amma ka lura da sunan shirin: Key Soap Concert Party. Kamfanin sabulu ne ke ɗauke da nauyin, gidan talabijin na ƙasa na nunawa. Da mai ɗaukar nauyi ya janye hannu, abin ya yi sanyi, alhali a lokacin masu ban dariyar suna nan da basirarsu.

Za ka ce ai Uncle Ebo Whyte, marubucin wasan kwaikwayon nan, yana cika wannan Babban Ɗakin mai kujeru kusan 1,500. Gaskiya ne. Tun 2008 kamfaninsa Roverman yake fitar da sabon wasa kowane wata uku, har mutane suka saba, suna jiran lokacin kamar albashi. Yana da kamfanoni a bayansa, ana jin sa a rediyo, yana da masu kallo da suka ɗauki zuwa wasa a matsayin fita da iyali. Shekaru ya yi yana gina wannan. Ku kun fito sau ɗaya, ba wanda ya san ko za ku sake dawowa.

Akwai kuma namu na gida. Lahadi ranar biki da suna ce a Zongo, mata ba su da lokacinka, su ne kuma masu janyo jama'a. Ka fara kafin Magariba, salla ta raba maka wasa biyu. Ka fara bayan Isha'i, iyaye ba za su bar 'yan mata su kai sha ɗaya a waje ba, balle har yanzu akwai gidajen da ke kallon hawa dandamali a matsayin rashin kamun kai. Daren ƙwallon Turai ka manta da samari. Watan Yuni kuwa hadari ɗaya ya isa ya hana kowa ƙetare Circle, babbar mahaɗar hanyoyin Accra. Harshe ma abin dubawa ne: Hausa zalla tana ratsa zuciyar namu amma tana tsayar da maƙwabcinka ɗan ƙabilar Ga ko Asante a waje, shi ya sa nake ganin a riƙa sirka yaren Twi da burokan yadda muke yi a titi.

Da ni ne ku, ba zan sake kama ɗaki na mako biyu ba. Rana ɗaya, wasa biyu, na la'asar da na dare, hayar kaya guda. A sayar da tikiti ta MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, tun kafin ranar, kada a biya kafin alƙalamin ɗaki sai kuɗin da ya shigo ya kai rabin abin da za a kashe. Kujerun manya a ƙidaya su, a nemi Alhaji ɗaya ko mai shago ya saye su da sunansa, a ambace shi a lasifika, kowa ya fita kunya. Sannan ku ɗauki wasan ku bi mutane da shi yadda 'yan konsat suka yi: Madina wannan wata, Ashaiman wata mai zuwa, bayan Salla ku gwada Asawase a Kumasi, tare da ƙungiyar can da za ta kawo nata dangin.

Ka turo mini abin da kuka kashe da abin da ya shigo a kowane dare, da yawan tikitin kyauta in kun rubuta, mu duba yadda za ku fara rage bashin mai lasifika.