Amsa: Har yanzu ana zuwa kantunan 'yan Asiya na bayan gari kuwa?

Ɗan'uwa ka tambaya wai ko manyan kantunan 'yan Asiya da ke unguwannin bayan gari a Kanada sun mutu. Gaskiya ba su mutu ba, amfaninsu ne dai ya canza.

Duba Pacific Mall da ke Markham, gefen Toronto. A 1997 aka buɗe shi, lokacin mutanen Hong Kong na ta kwarara can, ciki ƙananan shaguna ne jere da bangon gilashi kamar Farm Centre ta Kano, mai waya ga mai maganin gargajiya ga mai faifan fim, baƙo ya shiga ya yi ciniki da Kantonis, harshen mutanen Hong Kong, ba mai masa kallon ƙauyanci. To yanzu fa kayan miyar da da sai can ake samu sun cika manyan kantuna, har Loblaw, babban kamfanin kantuna na Kanada, ya sayi kamfanin kantunan kayan abincin Asiya mai suna T&T a 2009, faifan fim kuma intanet ta gama da shi. 'Ya'yan mutanen Hong Kong ɗin da aka haifa a Kanada ci ne ke kai su, shayin boba da taliya, har da abokansu Turawa da Indiyawa.

Ni tsofaffi nake tausaya wa wallahi, don nan ce majalisarsu. Market Village, wani kanti irinsa da ke maƙwabtaka, an rufe shi a 2018 an rushe.