Amsa: me ya haɗa tansiyo da ƙuntatar ƙofar zuciya?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce an gano ƙofar da jini ke fita daga zuciyarsa zuwa babbar jijiyar awota ta ƙuntata, amma likita a nan Damagaram ya ce sai an daidaita tansiyo a sake ekogarafi, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sauti. Likitan na da gaskiya.

Ɗakin hagu na zuciya kaya biyu yake ɗauke da su: tura jini ta ƙuntatacciyar ƙofa, da tura shi cikin jijiyoyin da tsufa da hawan jini suka sandarar. Faɗin ƙofar mai lafiya santimita murabba'i 3 zuwa 4 ne. In ya kasa 1, abin ya yi tsanani. Haka ma in matsakaicin bambancin matsin jini tsakanin gaba da bayan ƙofar ya kai 40 a ma'aunin mmHg da ake auna tansiyo da shi, ko gudun jini ya kai mita 4 a daƙiƙa. To, in tansiyo ya hau, jinin da zuciya ke fitarwa kan ragu, bambancin ya sauka, sai awo ya nuna cutar da sauƙi alhali ba haka take ba. Shi ya sa ake auna tansiyo a lokacin ekogarafin.

Kada ku ƙara masa magani da kanku. Da kaɗan ake farawa, domin faɗuwar tansiyo farat ɗaya na iya sumar da shi. Magani kuma ba ya buɗe ƙofar, sai an canza ta. In ya fara haki, ciwon ƙirji ko jiri yana tafiya, ku kai shi asibiti ranar.