Sabon yashi a tsohon tankin ruwan gishiri

Ka ce yashin da ke cikin tankin kifi na gidan likita ya yi ƙasa, ko ka sayo buhu ɗaya ka juye kawai. Juyewa! Ajiye wayar nan ka saurare ni, yaro, don wannan kalmar ta jawo min asarar da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Akwai wani Alhaji a GRA nan Gombe, ba zan kama suna ba. Ni na haɗa masa tanki mai cin lita 600 a falonsa, da hannuna na yanka gilashin. Kifayen daga Legas na ɗauko su, cikin leda da iskar oksijin. Shekara ɗaya da rabi ina zuwa duk mako, ma'aunin gishiri bai taɓa gocewa daga 1.025 ba. Ko a watan Afrilu, da zafin garin nan ke taɓa digiri 40, ruwansa yana 25. Kifi ko ɗaya bai mutu a hannuna ba. Ka zaga Gombe da Bauchi ka nemo wanda zai iya faɗin haka.

Ana saura kwana uku bikin 'yarsa, sai ya ce yashin ya yi duhu, yana so ya gan shi fari fat kafin baƙi su zo. Na ce ranka ya daɗe, wannan aikin wata guda ne. Ya ce to. Washegari na tafi Bauchi ta'aziyya, ashe ya kira yaron da ke ƙarƙashina a lokacin ya danƙa masa na kashewa. Yaron ya farke buhu biyu ya zazzage ba wanki, sannan ya zura hannu har ƙasa ya yamutsa sabo da tsoho, wai don launinsu ya zama ɗaya.

Tsohon yashi yana da rai. A samansa ƙwayoyin bakteriya suke zaune, su ke cinye amoniya, gubar da ke fita daga kashin kifi, kuma da oksijin suke aiki. Yaron ya binne su, suka shaƙe. Can ƙasa kuma, inda iska ba ta kaiwa, guba ke taruwa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya tono ta.

Da na dawo, tun daga ƙofar falo warin ya tarbe ni. Ruwa ya koma kamar kunun kanwa. Kifi 11 ne a ciki, tara sun mutu suna yawo a saman ruwa, har da shuɗin nan da na yi mako uku ina lallaɓawa kafin ya karɓi abinci. Ka san abin da Alhaji ya ce? "Ai yaronka ne." Ya hana ni kuɗin aikin wata huɗu, ya ce ma ni zan biya kifayen. Bai tsaya nan ba, ya kai maganar majalisarsu, gidaje biyu suka sallame ni a watan. Mutumin da ya saɓa maganata da kuɗinsa, shi ya tafi da sunana. Ban yafe ba tukuna.

Ku yaran yanzu garaje ke kashe ku. Kun kalli bidiyon minti biyu a waya, kun zama masana.

Yashin da za ka sayo dole ya zama aragonait, mai alli, wanda ke taimakawa ruwa ya tsaya tsakanin 8.1 da 8.4 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. In na ji ka ɗebo na kogin Gongola ko Dadin Kowa, kada ka dawo shagon nan. Laka ce a ciki da abubuwan da ba ka sani ba. Wankewa ba sai na koya maka ba, sai dai ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa za ka yi, ba na rijiyar burtsatse ba.

Ka kashe famfunan juya ruwa. Ka sa mazurari a bakin bututun roba mai faɗi, ka saukar da shi har ƙasa, ka riƙa zuba jiƙaƙƙen yashi kofi-kofi. Ka raba ƙasan tankin huɗu a idonka, kashi ɗaya kawai za ka taɓa, kaurin kada ya wuce santimita ɗaya. Kada ya hau murjani, halittun tekun nan masu kama da dutse, kuma tsohon yashin ko yatsa kada ka soka masa. Bayan mako guda ka gwada amoniya. In sifili ce, ka matsa kashi na biyu. Za ka ga wata ƙura ja-ja ta rufe sabon yashin, likita zai kira ka hankali tashe. Ka ce masa da kanta za ta wuce cikin 'yan makonni.

In kuma ya ce yana sauri, ka ba shi lambata. Je ka ɗauko bututun yana bayan jarkokin gishiri, ranar Asabar tare za mu.