Tsagewar leɓen jariri: abin da ya kamata a saya da lokacin sayensa

Wata uwa daga Anguwan Rogo a Jos ta rubuto cewa ɗanta na fari ya zo duniya da tsagewar leɓe, an yi masa aiki ya warke, yanzu kuma tana shirin sake ɗaukar ciki. Wani mai kemis ya nuna mata kwalbar bitamin ta ƙasar waje mai tsada, ya ce ita ke hana wannan lalura. Tana tambaya ko ta saya, ko kuwa ta tsaya ga folik asid da ake bayarwa wurin awo.

’Yar’uwa, Allah ya raya yaron. Kafin mu zo ga kwalbar, ya kamata ki san lokacin da fuska ke haɗuwa, domin amsar tana nan. Fuskar ɗan tayi tana farawa ne da tudun tsoka guda 5 da ke kewaye da ramin baki: ɗaya daga sama, wanda zai zama goshi da hanci da tsakiyar leɓen sama, biyu a gefe da za su zama kunci da gefen leɓen, biyu kuma a ƙasa da za su zama haɓa. Suna girma suna tunkarar juna har su haɗe, kamar yadda tela ke haɗa yankakken yadi ya zama riga. Leɓen sama yana rufewa tsakanin mako na 4 da na 7, ganɗa kuwa kafin cikin ya cika wata 3. Mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba a lokacin da leɓen ke rufewa.

Abin da ke tafiyar da aikin shi ne saƙonnin da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna. Wani rukuni yakan fitar da sinadari, maƙwabtansa su karɓa, su hayayyafa, ko su ƙaura, ko su zama ƙashi, gwargwadon yawan abin da ya iso musu da lokacin isowarsa. Masana sun gano da dama daga cikin waɗannan sinadarai, irin su SHH da BMP da FGF. Na farkon shi ke shata tsakiyar fuska da faɗinta. A shekarun 1950 makiyaya a jihar Idaho ta Amurka sun riƙa samun ’yan tumaki masu ido ɗaya a tsakiyar goshi, bincike kuma ya nuna cewa iyayen sun ci wani tsiro ne wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki, wanda sinadarinsa ke toshe wannan saƙo. Tsagewar leɓe ba ta kai wannan tsanani ba, amma ita ma daga tangarɗar irin waɗannan saƙonni take tasowa, galibi idan gado da wani dalili na waje suka haɗu. Ba gamo ba ce, ba kuma don kin fita da tsakar rana ko lokacin husufi ba.

Shawarata ita ce ki sayi folik asid mai lambar NAFDAC, ki fara sha tun yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar maikurogiram 400 kullum, daga lokacin da mace ta fara neman ciki har zuwa mako na 12. Hujja mafi ƙarfi game da shi ta shafi kare laka da ƙwaƙwalwa ne, kariyarsa ga leɓe ba ta kai haka ba, saboda haka duk mai kemis da ya yi miki alƙawarin cikakkiyar kariya, ciniki yake nema. Kwalbar mai tsada na iya zama haɗari ma idan tana ɗauke da bitamin A mai yawa, domin jiki yana mayar da shi wani sinadari da ke cikin saƙonnin gina fuska, yawansa kuma yana ɓata tsarin. Dalilin da ya sa aka hana masu ciki shan isotretinoin ke nan, maganin kurajen fuska da wasu ke saye ba takardar likita.

Kuɗin kwalbar ya fi amfani a wurin ganin likita kafin ciki. A auna miki sukari, a nisanta ki da hayaƙin taba da shisha, idan kuma kina shan maganin farfaɗiya irin su valproate ko topiramate, ki nemi likita ya sake dubawa, amma kada ki daina sha da kanki. Yiwuwar sake haihuwar mai wannan lalura yawanci kusan 2 zuwa 5 ne cikin 100. Sai dai idan ke ko maigida ko yaron na da ’yan ramuka a leɓen ƙasa, ki gaya wa likita, domin alama ce ta wani nau’in gado da yiwuwar ya bi ɗa ta kai rabi.

Wani magidanci daga Bukuru ya ce cikin maiɗakinsa wata 5 ne, yana so ya san ko ya biya kuɗin hoton ciki mai tsada da ake kira 4D, don a duba ko jaririn na da tsagewar leɓe.

Malam, ƙwarewar mai ɗaukar hoton ta fi tsadar na’ura muhimmanci. Hoton ciki na yau da kullum tsakanin mako na 18 da na 22 yakan nuna tsagewar leɓe idan jaririn ya juyo da fuskarsa, tsagewar ganɗa kaɗai kuwa da wuya a gan ta kafin haihuwa. Ka nemi hoton duba sassan jiki a hannun gwani, ka adana ragowar kuɗin don haihuwa.

Tambaya ta ƙarshe daga wata kaka ce a Gangare, wadda jikarta ’yar mako 2 ba ta iya kama nono saboda tsagewar ganɗa, kuma an ce su sayi madarar gwangwani.

Hajiya, nonon uwarta bai da laifi, zuƙowa ce ta gagare ta, saboda iska na shiga ta tsagar. A tatsi nonon a ba ta da ƙaramin kofi ko cokali, ko da fida mai laushi wadda ake matsawa, tana zaune a miƙe, ana yawan sa ta gyatsa. A kai ta Asibitin Koyarwa na Jami’ar Jos tun yanzu, a riƙa auna nauyinta, domin likitoci ba sa yi wa jaririn da ya rame ko mai ƙarancin jini aiki. Ana ɗinke leɓe yawanci a wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma wajen wata 9 zuwa 18, don maganarta ta fita sarai. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin wannan aiki kyauta a asibitocin da take hulɗa da su a Najeriya, saboda haka ku tambaya a sashen tiyata kafin ku sayar da wata kadara.