Lambun Jos Ya Ƙi Kamawa A Bakin Teku

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwargida ce daga Rikkos a Jos. Kasuwancin maigidana ya kai mu ƙasar Ghana, mun karɓi hayar fili kusa da Keta, tsakaninmu da teku tafiyar minti biyar. Na tafi da irin dankalin Turawa da kabeji da tumatir. Dankalin ya yi ganye shar amma babu 'ya'ya, tumatirin ya yanƙwane dare ɗaya, sauran kuma bakin ganyensu ya ƙone kamar an babbaka. Da ruwan rijiyar gidan nake ban-ruwa. Ina mafita?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Dankalin dai ki haƙura da shi. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, kuma sanyin darenta shi ke sa dankalin Turawa ya zuba 'ya'ya. Ya fi son ƙasa mai ɗumin digiri 15 zuwa 20, idan ta doshi 30 sai ya tsaya a ganye. Taki ba ya maganin wannan. Ki maye gurbinsa da dankalin Hausa da rogo.

Ƙonewar bakin ganye ita ce babbar maganar, domin alamar gishiri ce. A gaɓar teku ruwan daɗi yana yawo ne a saman ruwan gishiri a ƙarƙashin yashi, kamar mai a kan miya. Shi ya sa dabararmu ta gida, wato a ƙara wa rijiya zurfi, take jawo ɓarna a can. Haka ma sa mata inji a zuƙe ta lokaci guda, zartsi ne zai taso. A riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan ana barinta ta huta.

Kada ki dogara da ɗanɗanon harshe. Akwai 'yar na'urar auna gishirin ruwa mai kama da biro, ana ce mata TDS. Idan ta nuna ƙasa da 450, ruwan lafiya lau. Daga nan zuwa 2,000 ana iya lallaɓawa, amma a gindin shuka za ki zuba, kada ya taɓa ganye. Sama da haka kam, ban da lambu. Ki auna da damina, ki sake aunawa a watan Fabrairu, za ki ga bambanci.

Abin da mutanenmu ba su cika sani ba, wannan yankin bai kai Jos samun ruwan sama ba, ga shi damina biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Don haka indararo da tanki wajibi ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 60 zai tara lita 1,200 daga ruwan milimita 20 kacal. Da shi za ki shayar da ƙananan tsiro, kuma duk sati biyu ki kwarara shi a fangali ya wanke gishirin zuwa ƙasa.

Ita kuwa ƙasar, rariya ce. Ki yi fangali mai faɗin mita ɗaya, kowane murabba'in mita ki cuɗa masa bokiti guda na ruɓaɓɓen taki. Kashin kaji sai ya yi sati shida a tsibe ana juya shi, ɗanyensa ƙona saiwa yake yi. Ki rufe sama da busasshiyar ciyawa kaurin yatsu huɗu. Takin zamani kuma a raba shi kashi uku ko huɗu, in an zuba gaba ɗaya ruwa ɗaya zai tafi da shi. Ta ɓangaren teku ki kafa shinge na ganyen kwakwa da ya kai tsayin mutum, saboda iskar ma gishiri take ɗauke da shi.

Tumatirin nan, ki tuge guda ki duba. Idan saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar saiwa ce da ido ba ya gani, kuma yashi ne gidanta. Ki cuɗa tunkuzar 'ya'yan darbejiya a ƙasar, ki bi da masara kafin tumatir ko kuɓewa su dawo wurin. Idan saiwar sumul take, ki yanke karan ki tsoma a kofin gilashi mai ruwa. In kika ga farin abu yana zirarowa kamar zaren madara, cutar bakteriya ce da ba ta da feshi. A tuge a ƙone, kuma kada barkono ko yalo su gaje wurin, dangi ɗaya ne.

Ki fara da alayyafo, lalo, zogale da gwanda. Sannan ki leƙa Anloga, nan kusa da ke, ki ga yadda manoma suka daɗe suna noman 'yar ƙaramar albasa a kan wannan yashin. Irinsu ya fi wanda kika ɗauko daga kasuwar Farin Gada ta Jos dacewa da wurin.

Idan kuna da niyyar dasa kwakwa, Alhaji ya fara sake duba takardar hayar. Tsarin mulkin Ghana na 1992 bai yarda baƙo ya riƙe fili fiye da shekara 50 a zango ɗaya ba, doguwar kwakwa kuwa takan ɗauki shekara shida ko fiye kafin ta fara haihuwa. Ku nemi irin da ke jure cutar Cape St Paul mai kashe kwakwa, domin a wannan yankin aka fara ganinta a 1932.