Me ya sa sigina ke yin sanyi idan ƙwaya ta bi nesa da waya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fiziks ne. Muna gwaji da ƙaramin akwatin gano ƙwayoyi masu cajin lantarki mai waya ɗaya a tsakiya, cike da iskar agon da CO2; ƙwaya na ɓamɓaro ilektaron daga iskar, wayar ta jawo su, su ba da sigina. Idan ƙwaya ta ratsa kusa da wayar sigina na fitowa da ƙarfi, idan ta bi nesa sai siginar ta yi sanyi. Na ƙara wuta, sai tartsatsi. Ina ilektaron ɗin ke zuwa?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Da farko dai ka janye hannu daga maɓallin wutar nan. Ƙarin wuta na ninka ilektaron da suka iso bakin waya ne, ba ya dawo da waɗanda suka salwanta a hanya. Tartsatsin kuwa ba abin mamaki ba ne: idan dandazon ilektaron a wuri guda ya doshi miliyan 100, abin da ake kira iyakar Raether, iskar kan ɓalle.

Jarin naka ƙarami ne tun asali. A agon, ana kashe kuzari kusan 26 eV (ilektaron-bolt, ma'aunin ƙanƙanin kuzari) kafin a ɓamɓaro ilektaron ɗaya, don haka ƙwaya mai gudu kan bar ilektaron wajen 90 zuwa 100 a kowace santimita. Wasu kan sake haɗewa da ayon ɗin da suka rabu da shi, wato ƙwayar iskar da ta rage da caji, amma wannan ya fi damun mai auna ƙwayar alfa, wata ƙwaya mai nauyi da sawunta ke da cunkoso. Wasu kuma kan bazu su faɗa jikin bango.

Wanda na fi zargi a akwatinka shi ne oksijin. Yana cafke ilektaron, su zama ayon mai nauyi, wanda tafiyarsa ta gaza ta ilektaron da kusan ninki dubu. Cajin bai bar akwatin ba, sai dai yana isowa bayan kasuwa ta watse, na'urar karatu ta riga ta rufe. CO2 ɗin ma da hannunsa a ciki: oksijin da ya cafke ilektaron zai iya sakinsa nan take, sai fa in wata ƙwayar iska ta buge shi ta ɗauke rarar kuzarin, kuma CO2 gwani ne a wannan aiki. Tururin ruwa ma haka yake yi.

Asarar tana bin tsawon lokacin tafiya. A ce kashi 10 cikin 100 ke ɓacewa a kowace santimita: bayan biyu saura 81, bayan biyar saura 59. Ga kuma siffar akwatinka, inda ƙarfin jan lantarki ke raguwa gwargwadon nisa daga waya. Ilektaron na nesa rarrafe yake yi, oksijin na samun sararin kama shi. Shi ya sa masu ƙira ke jera ƙarin wayoyi ko zobba don daidaita jan.

Dubi babban akwatin gano ƙwayoyi mai iska da ake kira TPC, na gwajin ALICE a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai. Ilektaron na tafiyar har mita 2.5, da bolt 100,000 a farantin tsakiya, cikin kusan maikirosakan 100 (maikirosakan shi ne ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa). Da irin wannan nisa, dole oksijin ya tsaya a 'yan ɗigo cikin miliyan, ana zagaya iskar ta matatar jan ƙarfe da ke shanye shi.

Kai ba ka buƙatar wannan duka. Bi kowace mahaɗa ka nemi yoyo. Tiyon roba mai laushi, wanda kowa ke so saboda araha, yana barin danshi da oksijin su ratsa jikinsa ko da bai huje ba; sa na ƙarfe in da hali. Ka bar iska ta wanke akwatin ninkin cikinsa sau da yawa kafin ka kunna wuta, ka sa 'yar kwalbar mai a mafita, kana ganin kumfa na tashi ɗaya bayan ɗaya, don kada iskar ɗaki ta komo ta baya. Sannan ka maimaita awon kusa da na nesa. In tazarar ta ragu, ka kama ɓarawonka.

Wani abin ban sha'awa, akwai inda da gangan ake gayyato ɓarawon. A na'urorin RPC, wato faranti masu gano ƙwayoyi na gwaje-gwajen ATLAS da CMS a CERN, ana zuba ɗan SF6, wata iska mai cafke ilektaron, don ya riƙa lashe rarar ilektaron kafin su zama irin tartsatsin da ka gani.